Maigidana Na So In Sa Hannu Kan Rahoton Fanshon Da Na San Ba Daidai Yake Ba

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, saura 'yan shekaru in yi ritaya. Bara abokan aiki suka zaɓe ni in wakilce su a kwamitin da ke sa ido kan tsarin fanshonmu. Da na fara bin takardu sai na lura kowane wata ana cire mana kason fansho daga albashi, amma an shafe watanni kuɗin bai shiga asusunmu ba, haka ma kason da ya wajaba gwamnati ta ƙara mana. Na tambayi akanta, ya ce kuɗin da ake sako wa ofis ne ba ya isa, sai aka riƙa cike albashi da abin da aka cire, wai za a mayar. Yanzu ga rahoton shekara an kawo, ya ce komai na tafiya daidai, sa hannuna kawai ake jira. Shugaban kwamitin maigidana ne a wurin aiki, shi ya tsaya mini lokacin ƙarin girma, kuma ina jin nauyinsa ƙwarai. Ya kira ni gefe ya ce kada in tona wa ofis asiri. Ga kuma matar wani abokin aikinmu da ya rasu tana ta zarya wurina, an ce mata asusun mijinta bai cika ba. Barci ya ƙaurace mini. In sa hannu, ko in ajiye muƙamin, ko in fasa ƙwai kowa ya ji?

Daga wani ma'aikaci.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan abokin aikinku, ya ba iyalinsa haƙurin rashi. Ka sakaya sunan ofishinku da ƙasar da kake, ni ma haka zan bar su, domin irin abin da ka tarar yana faruwa a duk inda ake cire wa ma'aikaci kuɗi da sunan tsufansa.

Kada ka sa hannu a rahoton nan yadda yake. Kada kuma ka ajiye muƙamin. Fasa ƙwai kuwa, in kana nufin kai maganar Facebook ko gidan rediyo, lokacinsa bai yi ba, mai yiwuwa ma ba za a kai can ba. Kana ganin gaba kura baya sayaki ne saboda ƙofa uku kaɗai ka ƙirga, alhali kujerar da aka zaɓe ka a kai tana da tata ƙofar, ita ce ba ka taɓa ba tukuna.

Mu fara da kuɗin kansa. Daga ranar da aka rubuta a takardar albashin mutum cewa an cire masa kaza domin fansho, wannan kuɗi ya tashi daga na ofis. Albashinsa ne, guminsa ne, an dai riƙe masa ne a miƙa inda za a juya masa shi. Zan iya yarda cewa akantanku gaskiya ya faɗa maka, kuma babu wanda ya sa sisi a aljihunsa. Sau da yawa haka abin yake: kuɗi bai iso ba, ƙarshen wata ya yi, mutane na jiran albashi, sai a ga kuɗin fansho a kusa a ce bari a ɗan taɓa. Amma rance ne da aka ci daga hannun mutane ba tare da an tambaye su ba, ba a gaya musu ba, ba a kuma sa ranar biya ba. Rahoton da ke gabanka ƙoƙari ne na shafe sawun wannan rancen.

Kalmar "za a mayar" kuma tana ɓoye wata asara da ba a cika lura da ita ba. A tsarin karo-karo, inda ma'aikaci da gwamnati kowa ke zuba nasa kason a asusun mutum, kuɗin ba kwanciya yake yi ba, ana zuba shi a jari, ribar bana ta haɗu da uwar kuɗi ta haifi ta baɗi. Kason matashin da ya kama aiki kwanan nan, in ya yi shekara guda a hannun ofis, ya rasa ribar wannan shekarar, ya kuma rasa abin da ribar za ta haifa har ranar da zai ajiye aiki, shekara talatin nan gaba. Wanda ya kusa ritaya irinka tasa matsalar daban ce: da abin da aka tarar a asusunsa ranar lissafi za a yanke masa kuɗin sallama da abin da zai riƙa karɓa duk wata. Ga kuma tsadar rayuwa tana cin darajar kuɗin a tsawon jiran. Saboda haka ko gobe aka mayar da uwar kuɗin cif-cif, ba a biya bashin duka ba.

Abin da ya sa dokokin fansho ba sa barin lokacin miƙa kuɗin ga ganin damar ofis ke nan. A Najeriya, dokar garambawul ɗin fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta sa mafi ƙarancin kason ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, na wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, ta ce a miƙa su cikin kwanakin aiki 7 daga ranar da aka biya albashi, wanda ya saɓa kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ya riƙe ba, a kowane wata. A Ghana, dokar fansho ta 2008 ta ba da kwana 14 bayan ƙarewar wata. A Birtaniya, abin da aka cire daga albashi dole ya isa asusun fansho zuwa ranar 22 ga wata mai bi, in ta banki aka tura kai tsaye. Kwanakin sun bambanta, amma ka lura duk da kwanaki ake ƙirgawa. Naku ya kai watanni. Aikinka na farko shi ne ka nemo dokar da ta kafa tsarinku da ƙa'idojin kwamitinku, ka karanta su da kanka, ka ja layi a ƙarƙashin sashen da ya yi maganar wa'adi da tara, da wanda ya faɗi aikin mamban kwamiti. Ka tabbatar kuma wace dokar ce ta hau kanku, don a Najeriya, alal misali, ma'aikacin jiha yana ƙarƙashin dokar fanshon da majalisar jiharsa ta yi ne, ba lallai ta zo ɗaya da ta tarayya ba.

Ina so ka san dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kujera irin taka, don na ga alamar kana ɗaukarta kamar karramawa ce abokan aiki suka yi maka. A watan Nuwamban 1991 Robert Maxwell, mai jaridar Daily Mirror a Birtaniya, ya mutu a teku. Bayan mutuwarsa aka gano ya kwashe sama da fam miliyan 400 daga asusun fanshon ma'aikatan kamfanoninsa yana toshe ɓarakar kasuwancinsa. Akwai amintattu a kan asusun, wato waɗanda aka damƙa wa amanar kula da shi, akwai masu binciken kuɗi, takardu kuma suna ta samun sa hannu. Wannan badaƙala ce ta haifar da dokar fansho ta 1995, wadda ta ba ma'aikata damar zaɓen wani kaso na amintattun asusunsu. Daga baya, bayan rahoton da John Hutton, tsohon ministan Birtaniya, ya gabatar a 2011 kan fanshon ma'aikatan gwamnati, dokar fanshon ma'aikatan gwamnati ta 2013 ta wajabta wa kowane tsari ya kafa kwamitin sa ido mai wakilan ma'aikata daidai yawan wakilan masu ɗaukar aiki, ta kuma shardanta kada mamba ya kasance yana da wata maslaha da za ta ci karo da aikin. A Najeriya an bi ta wata hanyar: an raba kamfanin da ke juya kuɗin da kamfanin da ke ajiye shi, aka ɗora hukumar PenCom a kansu, ta yadda mai yanke shawarar inda za a zuba jari ba shi ke riƙe da kuɗin ba. A Ghana ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati 12 sun tafi yajin aiki a watan Oktoban 2014 kan wa zai riƙe wani ɓangare na kuɗin fanshonsu. Duk waɗannan daga darasi ɗaya suka fito: wanda ake bi bashin fansho da wanda ke sa ido kan kuɗin ba za su zama mutum ɗaya ba, dole a sami wani a tsakani mai ido, wanda ba a ƙarƙashin mai riƙe da kuɗin yake tunani ba. A kwamitinku kai ne wannan mutumin. In ka sauka, za a cike gurbin da wanda ba zai buɗe fayil ba, rahoton kuma zai wuce ko da kai ko ba kai.

To, me za ka yi? Abin da ke hannunka yanzu lura ce da maganar baka ta akanta, kuma maganar baka tana iya juyewa ranar da aka tsare shi. Ka rubuta wa sakataren kwamiti takarda, a matsayinka na mamba, ka nemi abu uku: jadawalin abin da aka cire daga albashi wata-wata, shaidar banki ta abin da aka tura, da bayanin kamfanin da ke kula da asusun na abin da ya shigo musu. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata. In sun zo, ka sami farar takarda ka ja layuka: watan albashi, abin da aka cire, kason gwamnati, ranar da doka ta ce a tura, ranar da aka tura, abin da ya isa. Ka bi su wata bayan wata. Inda gurbin "ranar da aka tura" ya zauna fayau babu komai, nan ɓarakar take, kuma mai kallon takardar ba ya buƙatar ka yi masa dogon bayani. Wani lokaci za ka tarar an tura kuɗin a dunƙule amma ba a haɗa da jerin sunayen masu shi ba, sai ya maƙale a wurin kamfanin ba a raba wa kowa ba. Wannan ma matsala ce, amma maganinta ya fi sauƙi, kuma bai kamata ka zargi kowa da riƙe kuɗi ba sai ka bambance biyun. In aka yi maka jan ƙafa wajen ba da takardun, fara da bayanin asusunka da takardun albashinka, ka haɗa da na abokan aiki kaɗan da suka amince da bakinsu. Kada ka ɗauki fayil ɗin kowa a ɓoye, kada ka ɗauki hoton albashin mutane ka riƙa turawa a waya. Wannan zai ba da damar a bar maganar kuɗin a koma maganar laifinka.

Kafin zaman kwamiti, ka je ka sami maigidanka shi kaɗai. Ya cancanci wannan daga gare ka, kuma bai dace ya fara jin matsayinka a gaban mutane ba. Ka je da takardar nan mai layuka, ka ajiye masa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ban manta alherinka ba, kuma ba zargin kowa na zo yi ba. Amma ga abin da takardu suka nuna, rahoton kuma ya faɗi akasinsa. Sunanka ne a sama, nawa a ƙasa. In mai binciken kuɗi ko hukuma suka gano wannan da kansu, ba za su tambayi wanda bai sako kuɗi ba, mu da muka ce komai daidai za su tambaya." Wannan ba dabarar baki ba ce, gaskiyar lamarin ke nan. Jinkirin tura kuɗi laifin ofis ne, ana iya bayaninsa, ana iya biyansa da tara. Sa hannu kan rahoton da mutum ya san ƙarya ne laifin mai hannun ne shi kaɗai, kuma yana bin mutum har bayan ya ajiye aiki. Mai yiwuwa maigidan naka shi ma a matse yake daga sama, yana neman wanda zai ba shi hujjar cewa kwamiti ya ƙi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, asirin da yake son rufewa kuma duk ma'aikacin da ya nemi bayanin asusunsa zai gan shi.

Game da nauyin da kake ji, ba zan ce maka ka yar da shi ba, halin kirki ne. Sai dai alherin da ya yi maka kai ya yi wa, kai za ka rama, da lokacinka da mutuncinka da abin hannunka. Kuɗin tsufan masinja da direba da malamar da ba su ma san ana wannan zance ba, ba naka ba ne balle ka yi godiya da shi.

A zaman kwamitin, kada ka tsaya a "ba zan sa hannu ba" kawai, don sai a ce taurin kai ne. Ka zo da gyara a rubuce. Ka nemi a cire jimlar da ta ce komai daidai, a sa wadda ta faɗi watannin da ba a tura ba, da jimillar kuɗin, da dalilin da ofis ya bayar. Ka nemi ofis ya kawo jadawalin biya mai ranaku, wanda ya haɗa da tara ko ribar da aka rasa gwargwadon yadda dokarku ta tsara, a kuma fara da waɗanda suka rasu da waɗanda ritayarsu ta ƙarato. Ka nemi daga wannan watan a daina taɓa sabon kason da aka cire, don ramin ya daina zurfi. Ka nemi a sanar da ma'aikata, tunda kuɗinsu ne. In aka karɓi wannan, sa hannunka da farin ciki, rahoton ya zama gaskiya, ofis kuma ya fita da mutuncinsa fiye da yadda rufa-rufa za ta fitar da shi. In aka ƙi, ka ce a rubuta a bayanin zaman cewa ba ka amince ba da dalilinka, ka kuma miƙa shi a takarda. A zama na gaba, lokacin da ake karanta bayanin zaman baya, ka kasa kunne ka ji ko an sa. Nan ne ake yawan shafe irin wannan magana, shiru, ba tare da kowa ya lura ba.

Idan kwamiti ya toshe, sai hukumar da doka ta ɗora wa sa ido: PenCom ko hukumar fanshon jiha a Najeriya, NPRA a Ghana, ko takwararsu a inda kake. Kai musu rahoto ba cin amanar ofis ba ne, domin wannan aka kafa su. A Birtaniya ma dokar fansho ta 2004 ta mai da shi wajibi a kan masu tafiyar da tsarin fansho su sanar da hukuma duk saɓa doka mai muhimmanci da suka gani, kuma wajibin ya hau kan mambobin kwamitocin fanshon ma'aikatan gwamnati. Ka rubuta gajeriyar takarda, ba zagi, ba hasashen niyyar kowa: ga abin da doka ta ce, ga abin da takardu suka nuna, ga ranar da na gabatar wa kwamiti, ga amsar da aka ba ni. Ka gaya wa shugaban kwamiti cewa za ka aika, kada ya ji daga waje.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana iya jawo maka tsangwama. Ana iya daina amsa gaisuwarka da fara'a, ana iya canja maka wurin aiki, ana iya jinkirta maka wani haƙƙi. Shi ya sa ba na son ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Mutane ne suka zaɓe ka, ka koma musu ta hannun shugabannin ƙungiyar ƙwadagonku, ka nuna musu takardar, ka nemi lauyan ƙungiya ya faɗa maka kariyar da doka ta ba mai fallasa ɓarna a ƙasarku. Ghana tana da irin wannan doka tun 2006, Birtaniya tun 1998. In akwai wani wakilin ma'aikata a kwamitin, ku daidaita bakinku kafin zama. Sannan, tunda ritayarka ta kusa, ka je yanzu ka duba fayil ɗinka na aiki: ranar haihuwa, ranar kama aiki, takardun ƙarin girma, matakin albashi, sunan magajin da ka rubuta. Ka yi kwafin kowanne ka ajiye a gida. A wannan tsakanin kuma duk wata alfarma da ta zo maka daga ofis ba zato, tafiyar aiki mai alawus ko wani kwamiti mai maiƙo, ka yi godiya ka kauce.

Saura matar marigayi, kuma ita ce ta fi gaggawa. Kada ka bari maganarta ta jira sai an warware ta kowa, wannan na iya ɗaukar shekara. Ka nemi izininta a rubuce, ku karɓo bayanin asusun mijinta, ka gwada shi da takardun albashinsa, ka fitar da watannin da suka ɓace da adadinsu. Da wannan za a rubuta wa ofis a nemi a biya nasa gibin shi kaɗai, nan take. Kuɗin mutum ɗaya ba zai gagari ofishin da ke biyan albashi duk wata ba, kuma da wuya shugaba ya iya kallon takarda irin wannan ya ce a jira. Ka tambayi kamfanin da ke kula da asusun, a rubuce, ko za a iya biyan magada abin da ke ciki yanzu, ragowar ya biyo baya in ya shigo. Ka bincika mata kuma ko akwai inshorar rai ta ma'aikata, don iyalai da yawa ba su san da ita ba: a dokar Najeriya ta 2014 wajibi ne mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, kuma wannan daban yake da abin da ke cikin asusun fansho. Ta tanadi takardar shaidar rasuwa, takardar kama aikinsa, takardar albashinsa ta ƙarshe, da takardar kotu da ta nuna masu haƙƙin karɓar dukiyarsa, ta riƙe na asali a hannunta ta riƙa ba da kwafi. Ka gargaɗe ta kada ta ba kowa ko sisi da sunan zai tura mata fayil gaba. Kada kuma ka yi mata alkawarin rana, tunda ba a hannunka biyan yake ba. Ka dai gaya mata abin da aka rubuta, da wanda aka kai wa, da ranar da za ka koma bibiya, kuma ranar da za a kai takardar ofis ka raka ta da kanka, ko ka haɗa ta da wani daga ƙungiya, don kada a bar ta zaune a benci tun safe har a tashi aiki.

Allah ya warware muku, ya sa ka gama aikinka lafiya. In ka sami takardun nan uku kuma lissafin ya rikice maka, sake rubuto mini, ka cire sunayen mutane, mu duba tare.